Nisan Ƙasa Ba Ya Kayar Da Hakkin Mayunwaci

Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa ceton ran wanda yunwa ke shirin kashewa farilla ce ta kifaya. Idan wasu suka tsaya da ita, ta faɗi daga kan saura. Idan kuwa kowa ya kau da kai, to, laifi ya hau kan duk mai iko wanda labari ya isar masa. Suratul Baladi ta lissafa ciyarwa a ranar yunwa cikin ayyukan da ke kai bawa ga tsira, Suratul Ma'uni kuma ta zargi wanda ba ya kwaɗaitar da mutane ga ciyar da miskini.

Tarihin Musulunci ya nuna yadda ake aiki da wannan hukunci tsakanin ƙasa da ƙasa. A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya afka wa Hijaz har ƙasa ta yi baƙi, aka sa wa shekarar suna Shekarar Toka. Mutanen ƙauye suka kwararo Madina. Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya haramta wa kansa nama da man shanu, ya jinkirta karɓar zakka, ya dakatar da haddin sata. Sa'an nan ya aika wa gwamnoninsa na ƙasashe masu wadata takardu. Abu Ubaida ya taso daga Sham da ayarin raƙuma ɗauke da abinci, bai kawo uzurin nisan hanya ba. Bayan an ci Misira kuma, Amru ɗan Asi ya sake haƙa tsohuwar hanyar ruwa daga Nilu zuwa Bahar Maliya, domin jiragen hatsi su riƙa isa Hijaz.

A zamanin nan labari ya fi sauri, amma agaji ya kan makara. A Somaliya, tsakanin 2010 da 2012, yunwa ta hallaka mutum wajen 260,000, rabinsu yara ne da ba su cika shekara biyar ba. An yi ta gargaɗi watanni da dama, amma Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta ayyana yunwar ba sai a watan Yuli na 2011, alhali da yawa sun riga sun mutu. Dattawan ƙasar Hausa da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da jiran agaji yake nufi.

Tun 1970 Majalisar ta nemi ƙasashe masu arziki su riƙa ba da kashi 0.7 cikin ɗari na abin da suke samu a shekara don taimakon matalautan ƙasashe. 'Yan kaɗan ne, irin su Norwe da Suwidin da Denmak, suka daɗe suna cika wannan. Ƙasashen Musulmi da Allah Ya hore wa man fetur su ma hukuncin ya hau kansu, har ma ya fi nauyi, domin hujja tana hannunsu.

Dukiya amana ce, kuma hakkin mayunwaci yana cikinta ko da teku ta raba shi da mai ita. Shari'a ba ta tambayar addinin wanda za a ceta ko launin fatarsa. Allah Ya ba mawadata ikon sauke wannan nauyi, Ya kiyaye bayinSa daga fari da yunwa, amin.