Amsar Tambaya: Tattasaina Yana Yaushi a Rumfar Leda

Malam, kai da ka rubuto daga Umm Rakuba, fara duba ƙasarka. Baƙar lakar yankinku na Gadarif tana riƙe ruwa, ta tsattsage da rani. Dawa da riɗi suna jure mata, amma saiwar tattasai iska take nema, in ruwa ya kwanta sai ta ruɓe. Wasu za su ce ka ƙara takin zamani. Takin zamani ba ya buɗe ƙasa, yawansa ma gishiri yake tarawa a rumfar da ruwan sama ba ya wankewa. Ka ɗaga kunya, ka cuɗa takin dabbobi da ya ruɓe sarai, domin ƙananan halittun cikinsa ne ke sassauta ƙasa. Kada ka zuba ɗanye.