Filin Shawara: Ina Son Ƙawata Wa 'Yata Ɗaki, Surukata Ta Ce Ɓarnar Kuɗi Ce

Cikina wata bakwai, kuma na fari ne. Da aka yi mini hoton ciki a asibiti an ce mace ce, in Allah ya yarda. Muna zaune a Kaduna a gidan haya mai ɗaki biyu da falo, ɗaya ɗakin babu komai a ciki sai akwatuna. Burina in mayar da shi ɗakinta, irin waɗanda nake gani a Instagram: fenti ruwan hoda, kafet mai laushi, gado cike da matasai da 'yan tsana, labule har ƙasa. Maigida bai hana ba, ya dai ce kada in wuce ƙarfinmu. Amma da Hajiya, mahaifiyarsa, ta ji, sai ta ce ɓarnar kuɗi ce, ita ba ta taɓa jin an ware jinjiri a ɗaki shi kaɗai ba, nata 'ya'yan duk a jikinta suka kwana. Ba na son saɓa mata, amma abin yana raina. Me kike gani?

Mai jiran haihuwa, Kaduna

AMSA

Allah ya raba lafiya. Wannan buri naki ba abin kunya ba ne. Gyaran ɗaki gadonmu ne mu mata: kakanninmu sun yi daɓe, sun shafe bango da farar ƙasa, sun jera kwanuka da tasoshi har rufin ɗaki. Sai dai a maganar Hajiya akwai gaskiya babba.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata shida na farko, amma a kan shimfiɗarsa daban, don rage mutuwar fuju'a da ke samun jarirai cikin barci. Kin ga Hajiya ta yi daidai a kan ɗakin. Inda za ki bambanta da ita shi ne gadon, domin mai jego a gajiye take, barci kan ɗauke ta ba shiri, bargo ko filo ya rufe fuskar yarinya. Ga shi haihuwar fari ce, mai yiwuwa gida za ki tafi wanka sai bayan arba'in. To ki fara da kusurwa ɗaya a ɗakinki, daf da gadonki. Wancan ɗakin ya zama na kayanta da wasanta, ki riƙa gyara shi sannu a hankali.

Dokar da nake so ki riƙe ita ce: ado na bango ne, gado kuwa a bar shi fayau. Katifa mai tauri wadda ta cika gadon ba rata, zanin gado da ya kama ta tam, shi ke nan. Ba filo, ba 'yar tsana, ba bargo mai kauri, kuma a kwantar da ita rigingine. Katangar soso da ake zagaye gado da ita, wadda kike gani a hotuna, Amurka ta haramta sayar da ita a 2022 saboda jariran da ta toshe wa numfashi. Idan kafinta zai yi miki gadon, ki ce masa ratar da ke tsakanin sanduna kada ta wuce santimita 6, don kada kai ya maƙale. Ki nisanta gadon daga igiyar labule da wayar lantarki.

Kafin ki sayi komai na ado, ki sayi gidan sauro mai magani, a kuma sa raga a taga. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta fi kashewa. Ki tusa bakin gidan sauron a ƙarƙashin katifa yadda ba zai faɗo mata a fuska ba. Maganin sauro na kunnawa da turaren wuta ba sa shiri da huhun jariri. In za a turara ɗaki, a fita da ita sai hayaƙi ya washe. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu kuwa kada ki yarda da shi, iskarsa tana kisa ba tare da an ji wari ba.

Batun fenti: ki nemi na ruwa, ki guji na mai, domin a cikin na mai aka fi samun dalma, musamman ja da rawaya. Ba mu manta da yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba. Can daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma kaɗan ma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ke kada ki shafa, kada ki tsaya inda ake kankare tsohon fenti. A yi aikin tun yanzu da izinin mai gidan hayar, a bar tagogi a buɗe har wari ya fita.

Launi kuwa, jaririya ba ta gani sosai sai abin da ke nisan santimita 20 zuwa 30, wato fuskarki lokacin shayarwa. Ruwan hodar don ke ce, kuma ba laifi. Ki yi shi a bango ɗaya, sauran ruwan madara, don ɗakin ya yi wa ƙaninta ma in Allah ya kawo. Ki haƙura da kafet, ƙurar hunturu yake tarawa, ga fitsari da tumbuɗi. Leda ko tayil da tabarma sun fi sauƙin tsafta. Ki shiga kasuwar Sheikh Gumi ki yanki yadin auduga mara nauyi, tela ya ɗinka labule gajere. Faya-fayai masu launi da ƙwarya mai zane, in aka kafe su da kyau a bangon da ba na kan gado ba, sun ishe ki ado mai kyau da araha. Ki ƙara da kujera mai majingini don shayarwa da fitila mai caji. Durowa kuma a ɗaure ta da bango kafin rarrafe.

Hajiya kuwa kada ki ja da ita. Ki je ki gaishe ta, ki ce kin ɗauki shawararta, yarinya a ɗakinki za ta kwana. Ki roƙe ta ta zaɓa miki zannuwan goyo da faya-fayan. Maganar gado daban da ta garwashi ki bar wa ɗanta, ya faɗa mata cewa gargaɗin likitoci ne, daga bakinsa za ta fi karɓa. Kuɗin da ya rage ki adana don haihuwa da suna. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya mana ita.