Ƙoƙi-ƙoƙin Teku

Kowane manomin Illela ya san ƙoƙi-ƙoƙi, matar Gizo a tatsuniya, wadda ta kan naɗe hannuwa ta yi kwanto bisa karan gero, ta cafke fara. To, a cikin teku akwai wani irin jatan lande mai hannuwa kamar nata, don haka Turawa su ka sa masa sunanta. Galibi tsawonsa bai wuce taƙi ba.

Iri biyu ne. Ɗaya mashi gare shi, ya kan soke kifi. Ɗaya kuwa kulki, ya kan fasa katantanwa da ɓawon ƙaguwa.

Ina ɗan wannan abu ya sami ƙarfi haka? Dabarar maharbi gare shi. Ya kan ɗame gaɓar hannunsa kamar an ja baka an riƙe, sa'an nan ya saki gaba ɗaya. A shekarar 2004 wata masaniya a Amurka, Sheila Patek, ta auna saurin bugun mai kulki, ta tarar ya kai mil 50 a sa'a, watau misalin tafiyar Illela zuwa Sakkwato ke nan. Masuncin da ya kama shi da garaje ya kan tashi da tsagaggen yatsa.

Kun gani, ba girman jiki ke ba shi nasara ba. Tara ƙarfi ne, da sanin lokacin saki.