Tattara Tarihin Gari da Tsofaffin Hotuna

Tarihin sarakunan Daura a rubuce yake. Akwai Girgam, akwai kuma littattafan masana, irin wanda M. G. Smith ya fitar a 1978 a kan sarautar Daura. Labarin Bayajida da Daurama da rijiyar Kusugu kuwa, ko yaro ya san shi. Abin da ba a rubuta ba shi ne tarihin ƙauyuka da unguwanni: wa ya sari gari, wa ya haƙa rijiyar farko, daga ina maƙera da marina suka zo, yaushe kasuwa ta tashi daga wancan fili ta koma wannan. Duk wannan yana bakin tsofaffi da cikin adakarsu. Wanda ya iya karatu da rubutu, na boko ko na ajami, zai iya tattara shi. Littafi da fensir da wayar hannu mai ɗaukar murya da hoto sun wadatar.

Ana farawa da dagaci ko mai unguwa, a gaya masa abin da ake nufi. Ba sai an koya wa kowa yadda ake gaida babba ba, ko a tuna masa da ɗan goro. Abin da akan manta shi ne mata. Su ne suka riƙe lissafin aure da dangi da shekarun yunwa, kuma mace 'yar'uwarsu ce ta fi dacewa ta zauna da su. Littafin Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954, hira ce kawai da wata tsohuwa ta yi da Mary Smith a ƙasar Zazzau, ga shi har yau ana karanta shi a jami'o'i.

Tsoho ba ya ƙidayar shekara da lamba, da abin da ya faru yake yi. Saboda haka mai tambaya ya riƙe 'yan shekarun nan a ka. An naɗa Malam Musa Sarkin Daura a 1904. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sannan Sarki Umar Faruk Umar ya hau. Zamanin Abdurrahman dogo ne, shekara 55, don haka in an ce "a zamaninsa aka yi", sai a ƙara tambaya: kafin samun 'yancin kai na 1960 ne, ko bayansa? An koma tuƙi a hannun dama a 1972. Naira ta maye gurbin fam a 1973, lokacin babban fari. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. In labarin mutumin Zango ko Baure ya saɓa da na mutumin birni, ba abin mamaki ba ne, domin can sarakunan Hausa na Daura suka zauna bayan jihadi. A rubuta kowanne yadda mai shi ya faɗa, da sunansa da ranar hira. Ba a yi wa tsoho gyara da abin da aka karanta a makaranta.

Sai maganar hotuna, kuma nan ne ɓarnar take. Doka ɗaya ce: hoto ba ya barin gidan mai shi. Ba a aronsa, ba a fita da shi, ko da zuwa bakin titi ne. Tsohon hoto yawanci guda ɗaya ne tak a duniya. Mai hoton da ya ɗauka ya rasu ko ya bar sana'a, fim ɗin da aka wanke shi da shi ya daɗe da zama ƙasa. In wannan guda ya ɓata, shi ke nan.

Ga yadda abin yakan faru. Jika ya shiga ɗakin kakarsa da littafinsa. Ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwa masu ƙamshin turare, ta zaro wani ƙyalle, ta kwance. Hoton marigayi mijinta ne, yana tsaye da babbar riga, hannu ɗaya a kan keke, rediyo rataye a kafaɗa, gefe ɗaya na hoton ya yi ja saboda tsufa.

"Ka ga mijina na gaskiya," in ji ta, "ba irinka ba, da ko goron naira hamsin ba ka taɓa sayo mini ba."

"Kaka, ai ni na fi shi kyau. Ba ni shi in kai Daura a ƙara masa girma, jibi in dawo miki da shi."

Matar ɗanta tana tankaɗe a bakin madafa, ta ɗaga murya: "Iya, kada ki bayar. Ina hoton hajjin Malam da yaron maƙwabta ya karɓa shekara uku ke nan? Kullum gobe, kullum gobe."

"Wancan daban, wannan angona ne," in ji tsohuwa, ta miƙa masa. Kaka ba ta iya hana jika.

Ya zura shi a aljihu tare da makullin mashin. A majalisa abokai suka ce a gani, ya bi hannu bakwai, ɗaya daga ciki ya gama cin ƙosai ke nan. Ya isa shago ya tarar babu wuta, ya bar hoton a kan sai gobe. Kafin mako ya zagayo ya tafi cirani. Ba mugu ba ne, bai kuma yi niyyar cutar kowa ba. Amma tsohuwa ta koma tana buɗe ƙyalle babu komai a ciki, kuma duk wanda ya sake zuwa gidan da littafi, amsa ɗaya zai samu: "Ba mu da hoto." Sakacin mutum ɗaya yakan rufe adakar unguwa guda. Abin haushin ma, masu yin wannan sau da yawa su ne waɗanda suka yi karatu, masu cewa suna son tarihi. Hoto ba ya barin gidan mai shi, ko jika ne ya nema, ko ɗan dagaci, ko malamin makaranta.

Abin da ya kamata a yi bai kai minti biyar ba. A wanke hannu ya bushe. A shimfiɗa farin zane a inuwa mai haske, a ɗora hoton, a goge idon kyamarar waya, a kashe fitilarta don kada hoton ya yi ƙyalli. A riƙe wayar daidai saman hoton, a ɗauka sau biyu ko uku, a juya a ɗauki bayansa, domin wani lokaci akwai hatimin mai hoto ko kwanan wata. Nan take a miƙa wa mai shi a hannunsa, a ga ya mayar inda ya ɗauko. In ana son ƙara girma, daga waya za a wanke, ba daga asalin ba.

Kafin a mayar, a tambayi sunan kowa da ke ciki, daga hagu zuwa dama, da wuri da dalilin ɗauka, a rubuta a littafi. In mai shi ya yarda, a rubuta sunayen a bayan hoton da fensir, a hankali. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana ɓullowa ta gaba. Kada a kai shi a manne da ledar zafi ta shagon kwamfuta, domin ba ta ɓaruwa sai da fuskar hoton. Ambulan mai tsabta ya isa, a ajiye nesa da bango da ƙasa saboda gara da danshin damina. Haka ake yi wa takardar haraji da littafin sallamar tsohon soja da tsohon fasfon hajji: a ɗauka a wurin, a bar su a wurin.

Waya tana ɓata, tana kuma faɗawa ruwa, don haka a kwafi muryoyi da hotuna a wuri biyu aƙalla. Ba a sa hoton kowa a Facebook ko WhatsApp sai da izinin gidan, balle na mata. A wanke kwafi ɗaya a kai wa mai hoton kyauta, ɗaya a ajiye wurin dagaci ko makarantar gari. Idan aikin ya yi yawa, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, inda ake adana irin waɗannan abubuwa. Su ma kwafi za a kai musu. Asalin yana cikin adakar mai shi.