Yadda Ake Karanta Harafin Ƙarshe a Sunan Furosesar Kwamfuta

Duk wanda ya nufi shagunan Tunga a Minna domin sayen laftof, ko ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya ne daga Gidan Kwano ko ma'aikacin ofis, abin da zai fara ji daga bakin mai shago shi ne wannan i7 ce, waccan i5 ce. Alhali haƙiƙanin ƙarfin na'urar da yawan wutar da take sha suna rubuce a lambobi da harafin da suka biyo baya, waɗanda galibin masu saye ba sa kula da su.

Mataki na farko, ya kai mai karatu, kada ka dogara da takardar da aka liƙa a jikin na'ura, musamman idan tokumbo ce. Ka kunna ta, ka danna Ctrl da Shift da Esc gaba ɗaya, ka shiga Performance, sannan CPU, inda cikakken sunan zai bayyana a sama, alal misali i5-8250U.

Na biyu, ka duba lambar farko da ke bayan i5 ko i7, domin ita ce ke nuna zubin: 8 zubi na takwas ke nan, amma idan ta fara da 10, 11, 12 ko 13, sai a ɗauki lambobi biyun farko tare. Fa'idar wannan babba ce, kasancewar Windows 11 a ƙa'idance daga zubi na takwas take karɓar galibin furosesocin Intel, ita kuwa Windows 10 an daina tallafa mata a watan Oktoba na 2025.

Na uku, wanda shi ne maƙasudin wannan bayani, ka tsaya a kan harafin. U na nufin mai tattalin wuta, wajen wat 15, wadda batirinta ke jimawa, kuma ta wadatar ga rubutu da bincike a intanet. H kuwa tana shan wajen wat 45, tana ɗaukar nauyin zanen injiniya da tace bidiyo, sai dai batirinta na saurin ƙarewa, fankarta kuma ba ta hutawa a zafin Maris da Afrilu. A kwamfutar tebur, K na nufin ana iya ƙara mata gudu, T mai rangwamen wuta ce, F kuma ba ta fitar da hoto sai an saya mata katin hoto dabam, wanda jahiltarsa kan jawo asarar kuɗi. A wajen AMD ma U da H suna da kusan wannan ma'ana.

Na huɗu, ka haɗa zubi da harafi kafin ka yanke hukunci, domin i7-7500U sassan aiki biyu kacal gare ta, i5-8250U kuwa huɗu, saboda haka ƙaramar a suna ta fi babbar iya ɗaukar ayyuka da yawa lokaci guda.

Daga ƙarshe, ka auna aikinka da halin wutar unguwarku. Idan lantarki ba ya zama, aikinka kuma rubutu ne, to U ce maslaharka. Idan kuwa zane mai nauyi ne sana'arka, ka sayi H, ka kuma tanadi sola ko janareta tun kafin ka biya kuɗinta.