Zaɓen Irin Gero Mai Jure Kuturta: A Fara Tun Yana Tsaye

Yawancin manomanmu na kewayen Katsina a bakin rumbu suke zaɓen iri. A duba zangarniyar da ta fi tsawo da cika, a ware ta, shi ke nan. To amma zangarniya ba ta faɗa maka ko uwarta ta yi arangama da cuta ta tsira, ko kuwa sa'a ta ci. A gona ake gane wannan.

Dabarar ta tsufa. A jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka ana noma filas, tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa. Gonakinsa sun riƙa mutuwa, manoma na cewa ƙasa ce ta gaji, har wani masani, Henry Bolley, ya nuna a 1901 cewa ƙwayar cutar fangas ce ke zaune a cikin ƙasar. Maimakon ya guje wa filin da ya kamu, sai ya yi ta shuka a cikinsa da gangan, yana tara irin 'yan tsirarun da suka rayu. Daga nan aka samu filas mai juriya.

Kuturtar gero ma a ƙasa take kwana, tana iya yin shekaru tana jiran damina. Tun yabanya na ƙarama take kamawa. Ganye ya yi ɗorawa daga gindi, da sassafe ka ga farin gari a bayansa, in ya kai ga fitar da kai sai zangarniya ta zama tarin ganyaye babu ƙwaya.

Saboda haka ka shiga gona a watan farko bayan tsiro, da safe kafin raɓa ta bushe. Duk wanda ya nuna alama ka tuge shi da saiwa, ka fitar, ka ƙone. Kada ka yar a kwarin kunya, don shuka cutar baɗi ka yi. Sannan ka lura da ɓangaren da cutar ta fi tsananta. Geron da ya tsaya lafiya a tsakiyar marasa lafiya, shi ne abin nema. Ɗaura masa tsumma, ka girbe shi daban. Wanda ya yi kyau a inda cuta ba ta leƙa ba, bai ci wata jarrabawa ba.

Nan ne mutane ke yin rowa, su ɗebi zangarniya goma su ce ya isa. Bai isa ba. Ka tara kamar 200, daga tsakiyar gona, domin iska ke ɗaukar bunin gero, na gefe kuwa ya riga ya gauraya da na maƙwabci. Yawan yana da dalili. Harold Flor, shi ma a Dakota, ya gano a shekarun 1940 kan tsatsar filas cewa juriyar tsiro da cuta kamar kwaɗo da makulli ne: ranar da cuta ta sake makulli, duk gonar da ke da kwaɗo iri ɗaya ta buɗe. Indiya ta ɗanɗana haka a 1971, lokacin da kuturta ta kwantar da geron aure HB3 da aka baza ko'ina.

In irin gida ya riga ya lalace, kada ka wahalar da kanka. Nemi SOSAT-C88, wanda aka fara ƙirƙira a Mali kuma Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar a Nijeriya a 2000, ko ƙanensa Super SOSAT. Suna nuna cikin kusan kwana 90. Ka tambayi malamin gona na hukumar bunƙasa noma ta jihar Katsina (KTARDA) inda ake samun mai shaidar hukumar iri ta ƙasa, domin na mudu a kasuwa, kowa SOSAT yake kiran nasa. Bayan damina uku ka sabunta.

Ko wane iri ka riƙe, ka cuɗa shi da maganin iri kafin shuka. Ƙunshin Apron Star mai giram 10 na isar kilo 4. Ka rufe hannu da leda, kuma ragowar da aka cuɗa kada ta kusanci tukunya ko kaji. Gonar da ta kamu sosai kuwa, in ba iri kake tacewa a cikinta ba, ba ta wake ko gyaɗa baɗi.