Jaririn da Bai Yi Kuka Ba: Abin da Dabbobi Suka Koya wa Likitoci

A Dugabau, kamar sauran garuruwan Kabo da Gwarzo, kukan jariri shi ne albishir na farko cewa an sauka lafiya. Amma idan naƙuda ta yi tsawo, ko mabiyiya ta ɓalle kafin lokaci, iskar oksijin takan yanke wa ɗan tayi, sai a haife shi a langaɓe, shiru. Ko da an samu ya farfaɗo, tambaya tana nan: shin ƙwaƙwalwarsa ta taɓu?

Ba ya halatta a hana ɗan Adam iska domin bincike, saboda haka masana suka koma ga dabbobi. A 1972, Ronald Myers na Amurka ya bayyana abin da ya gani a jariran birai: idan iska ta yanke ɗungurungum cikin ɗan lokaci, ɓarnar takan faɗa can cikin gindin ƙwaƙwalwa, idan kuwa raguwa ta yi na tsawon lokaci, ɓawon ƙwaƙwalwa ne ke shan wuya. A 1981 kuma Rice da Vannucci suka ɗaure jijiyar jini guda a wuyan ɓeraye 'yan kwana bakwai, suka shaƙa musu iska mai oksijin kashi 8 cikin ɗari, maimakon kashi 21 da kowa ke shaƙa.

Babban darasi ya fito ne daga 'yan aladu a Landan a 1994. Bayan an mayar musu da iska, sai ƙwaƙwalwarsu ta zama tamkar ta warke. Ashe ba a rabu da Bukar ba. Bayan wasu sa'o'i makamashin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ya sake durƙushewa, ƙwayoyin suka shiga mutuwa. Wato ɓarnar zuwa biyu take yi, da ɗan sarari a tsakani. A Okland ta ƙasar Niyuzilan, Alistair Gunn da abokan aikinsa suka sanyaya kan 'yan tayin tumaki a cikin wannan sarari, ɓarnar ta ragu ƙwarai; da suka yi jinkiri har jijjiga ta kankama, sanyayawar ba ta yi amfani ba. Daga nan aka samo ƙa'idar sa'o'i 6: a asibitocin Turai da Amurka akan sauke zafin jikin jariri zuwa digiri 33.5 na tsawon sa'o'i 72.

Sai dai tunkiya ba mutum ba ce, haka kuma asibiti ba ɗaya ba ne da asibiti. Gwajin HELIX na 2021 a Indiya, Sirilanka da Bangaladesh ya nuna cewa sanyayawa ta ƙara yawan mace-mace a can. Don haka kwara wa jariri ruwan sanyi a gida haɗari ne tsantsa.

Ma'aunin da ya fi kusa da hannu shi ne na Sarnat, na 1976, wanda ya kasa raunin mataki uku bisa lura da farkawar jariri, ƙarfin gaɓoɓinsa, tsotsonsa da jijjiga. Alamun sukan sauya cikin kwana uku na farko, shi ya sa ake maimaita dubawa. Jaririn da ya makara wajen kuka, ko da ya yi shi daga baya, a rubuta lokacin haihuwarsa daidai, a lulluɓe shi, a garzaya da shi Babban Asibitin Gwarzo, inda za a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.